MUN JI YAWAN TAKARDUNSA, SAURA BASHIN DA KE KANSA

Ranar da aka gayyato babban baƙon nan amfi, mai gabatarwa ya share fiye da minti goma yana karanta tarihin aikinsa kafin a miƙa masa makirfo. Ɗan ƙasa ne, ya yi doktora a waje, gwani a fannin lafiyar uwa da yaro. Takardun bincikensa sun haura ɗari, kusan duka a manyan mujallun Turai da Amurka. Masana sun ambaci aikinsa sau dubu kaza. Yana cikin kwamiti kaza, yana ba hukuma kaza shawara. Kowane layi aka karanta sai tafi ya tashi. Ni ma na tafa, ba zan ɓoye ba, har hannuna ya yi zafi. Na kusa da ni ya karkato ya ce mini: "Kamarad, ka ji sebe ke nan, ba irin namu mai shafi guda ba."

Ana cikin haka sai mai gabatarwa ya karanto sunan wata takarda a kan abin da ke kashe mata wajen haihuwa a ƙauyukan wani yanki na jiharmu. Nan tafina ya tsaya. A lokacin ban taɓa karanta takardar ba, amma na san ta, irin sanin da mai ɗaukar bulo ya yi wa bene. Ina cikin yaran da suka yi mata anket.

Shekara biyu ke nan, lokacin babban hutu, wata poroje ta ɗauki ɗalibai aiki. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba ita kaɗai ke yin haka ba, kuma ba faɗan mutum ɗaya na kawo muku ba. An yi mana horo na kwana biyar, aka ba mu tabilet da babur, aka ce mu bi duk gidan da mace ta rasu da ciki, ko wajen haihuwa, ko cikin sati shida na jego, mu tambayi dangi yadda abin ya faru. Tambayoyin suna nan a kaina har yau. Ta zubar da jini? Zane nawa ya jiƙe? Ta yi jijjiga? Ƙafafunta sun kumbura? Awa nawa tsakanin fara naƙuda da fita daga gida? Da mi aka ɗauke ta?

A wani ƙauye na zauna bisa tabarma gaban wata tsohuwa. Na karanta mata takardar yarda, ta dangwala babban yatsa, muka fara. Ɗiyarta ce, cikin fari, ba ta cika shekara biyu a ɗakin miji ba. Kwana da yini tana naƙuda, ungozoma na cewa a yi haƙuri, ta fari haka take. Da abin ya ci tura aka aza ta bisa amalanken shanu zuwa likita. Majo ya duba ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai babban asibiti, a kawo kuɗin isansi a kira ambilans. Mijin ya koma gari cikin dare yana neman mai sayen akuya. Kafin ya dawo da kuɗin an rufe ta da zane. Tsohuwar ta ba ni labarin nan duka ba ta ɗaga murya ba, ni kuwa ina ta latsa tabilet: i, a'a, i, ba ta sani ba. Da na tashi zan tafi sai ta riƙe bakin rigata.

"Ɗana, in kunka gano abin da ya kashe mini ɗiya, kwa komo ku gaya mini?"

Na ce: "Za a komo, Inna, in Allah ya yarda."

Ba a koma ba. Ɗiyarta ta zama layi ɗaya cikin jadawali, jadawali ya zama takarda, takarda ta zama layi ɗaya cikin sebe, sebe ya zama tafi a amfi. Ita kuwa Inna, in tana da rai, tana nan tana jira, ko kuma ta daina jira, wanda ya fi muni.

To ƴan uwa ɗalibai, ga abin da nake tuhuma. Tarihin aikin mai bincike, yadda ake rubuta shi yau, yana ƙirga duk abin da mutum ya ɗauko daga wurin uwayenmu, ba shi da gurbi ko ɗaya na abin da ya mayar musu. Kuma mu da ke tafa masa, irin wannan takardar ce muke mafarkin mallaka.

Kada wani ya tashi ya ce na zo zagin bincike. Wanda ya girma a ƙasar nan ya zagi bincike, ya zagi abin da ya raya ƙannensa. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa da rai a Nijar, 226 ba su kai shekara biyar ba. A 2009 adadin ya sauko 128. Mujallar Lancet ta buga wannan a 2012, tare da ma'aikatan hukumar ƙididdiga ta ƙasa, kuma an nuna abin da ya jawo saukar: kyautar magani ga yara, gidan sauro, bitamin A, kula da tamowa. Tamowar kanta, ƴan Maraɗi ba sa bukatar a tuna musu 2005. Tunkuzar nan ta cikin leda, Plumpy'Nut, da aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, a yunwar 2005 ce aka ga ƙarfinta a fili, lokacin da aka yi wa dubban yara magani suna gidajen uwayensu, ba sai an kwantar da kowa ba. A Madarunfa aka gwada rigakafin zawo mai jure zafi, a kan jarirai sama da 3,500, aka buga sakamakon a 2017: ya rage zawo mai tsanani na ƙwayar rota da kusan kashi 67 cikin ɗari, kuma shekara guda bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. A jihar Doso aka gwada ba yara azitromisin sau biyu a shekara, sakamakon 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin ɗari a wurinmu. Wanda ya fi burge ni shi ne aikin da aka yi kan zubar jini bayan haihuwa, aka buga a 2023: ƙwayar misoprostol, in ba ta tsayar ba a ɗaura kwaroron roba a bakin siririn tiyo a cika shi da ruwa cikin mahaifa, in abin ya ƙi a naɗe mace da wata riga mai matse jiki har a kai ta inda ake tiyata da ƙarin jini. Abubuwa uku masu arha. Mutuwar mata ta sanadin zubar jini a gidajen likita ta ragu da fiye da rabi. Duk wannan bincike ne, kuma ina cire masa hula.

Amma ku duba da kyau. Cikin sebe, aikin da ya tsayar da jinin mace layi ɗaya ne, anket na goma sha biyu da ya sake gano cewa ƙauye na nesa da asibiti shi ma layi ɗaya ne. Takardar ba ta bambanta su. Tana auna su da mudu ɗaya, kamar mai auna gero da tsakuwa.

Masanan suna da wani ma'auni da suke kira lambar h. Wani masanin fizik a Kaliforniya, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. In aka ce lambarka 20 ce, ma'ana kana da takardu 20 waɗanda kowace an ambace ta aƙalla sau 20 cikin takardun wasu. Google Scholar na lissafa maka ita kyauta, ta liƙa ta ƙarƙashin hotonka. Wa ke ambatar? Wasu masu bincike. Su wa ke ambatar nasu? Wasu masu binciken. Abin yana juyawa tsakaninsu kamar kofin shayi a fada. Sazfam ɗin da ta karanta shawararka ta canza yadda take karɓar haihuwa, ba ta ƙara maka ko ɗigo, don ita ba ta buga takarda. Magajin garin da ya ware kuɗin man ambilans saboda rahotonka, bai ƙara maka komi ba. Wani ɗalibi a Landan da ya saka sunanka a shafin farko don ya nuna Nijar na cikin wuraren da mata suka fi mutuwa, shi ya ƙara maka. Har ma a can, tun 2012 wasu masana suka taru a San Faransisko suka yi sanarwa cewa a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya buga a ciki. Su da suka ƙera mudun sun fara shakkarsa, mu muna nan muna masa guɗa.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Matsalar da aka warware, takarda ta ƙare a kanta. Matsalar da ta daɗe kuwa, kowace shekara tana haihuwar sabuwar takarda. Ban ce akwai mai bincike da ke kwana yana fatan mata su ci gaba da mutuwa ba, Allah ya kiyaye, ƙazafi ne in na ce haka. Cewa na yi ma'aunin bai damu ba. Ko matan sun rayu ko sun mutu, lambar h tana hawa.

Ku ɗauki labarin ɗiyar Inna. Jinkiri wajen yanke shawarar fita daga gida, jinkiri a hanya, jinkiri bayan an isa likita. Wannan jinkiri ukun, Thaddeus da Maine sun zayyana su tun 1994, kafin a haifi yawancinmu. Duk ɗalibin lafiyar al'umma ya hardace su don jarrabawa. Anket na ƙasa na 2012 ya ce mata 535 ke mutuwa cikin haihuwa 100,000. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce 441. An san a 2012 kashi 76 cikin ɗari na ƴan matanmu an aurar da su kafin shekara 18. An san mace ɗaya tana haihuwa wajen sau shida a tsakaice. An sani, an sani, an sani. To mi ya sa aka sake tura ni in tone wa tsohuwa miki, in tambaye ta zane nawa ya jiƙe? In akwai dalili mai kyau, kuma wataƙila akwai, ita ce ta farko da ta cancanci jin sa.

Daga baya na nemo takardar na karanta. Da Ingilishi take. Ni da na yi shekaru ina cin kwakwa da Ingilishi a lakwal, sai da na kwana uku a kanta da ƙamus. Majon da ya ce a kawo kuɗin isansi, Faransanci ya yi karatu da shi. Matar da ta ba da labarin, Hausa take ji. Wato an ɗauki maganar da Hausa, an cika ta da Faransanci, an buga ta da Ingilishi, kowane mataki tana ƙara nisa da bakin da ta fito. Kuma hanyar a buɗe take gaba ɗaya kawai, babu dawowa. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi yana cewa ilimin da ba ya magana da harshen mutane ba zai kai gare su ba. Mun sa sunansa a ƙofa, mun bar maganarsa a waje. A 2025 an rubuta cikin kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. Ina jiran ranar da zan ga taƙaitaccen sakamakon bincike ɗaya tak, shafi guda, da Hausa, liƙe a bangon ɗakin awon ciki.

Kuɗin bugawa ma abin dubawa ne. Mujallar Nature, a 2021, ta sa yuro 9,500 ga wanda ke son a buga takardarsa kowa ya karanta kyauta. A kuɗinmu ya haura sefa miliyan 6. Gaskiya ne wasu mujallu suna yafe wa ƴan ƙasashe irin tamu, amma farashin kaɗai ya isa ya gaya maka don wa aka kafa kasuwar. Isansin da ya hana ɗiyar Inna isa asibiti, kuɗin akuya ɗaya ne.

Sai jerin sunaye. A al'adarsu, sunan farko da na ƙarshe su ne masu daraja: wanda ya jagoranci aikin da wanda ya shugabance shi. A 2019 mujallar BMJ Global Health ta buga wani nazari kan takardun binciken lafiya da aka yi a Afirka tsakanin 2014 da 2016. An gano cewa in aikin na haɗin gwiwa ne da Turai ko Amurka, ƴan ƙasar da aka yi aikin a cikinta sukan maƙale a tsakiyar jeri, abin ya fi muni in abokan aikin manyan jami'o'in Amurka ne, kuma akwai takardun da babu ɗan ƙasa ko ɗaya a cikinsu. Wannan kukan manyanmu ne, malamanmu, kuma kuka ne na gaskiya. Sai dai in su suna tsakiya, mu muna ina? Na duba ƙarshen takardar da na yi wa wahala. Akwai layi biyu na godiya: ga masu ba da kuɗi, ga hukumomin lafiya, ga "ma'aikatan fili da al'ummomin da suka ba da haɗin kai". Mu ke nan, da mu da Inna, cikin kalma shida. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba don sunana nake wannan hayaniya ba. An biya ni, na sayi waya da kuɗin, ina amfani da ita har yau. Inna ce ba a biya ba. Kuma ba kuɗi ta roƙa ba.

Na san abin da za a ce mini, don na riga na ji shi a fada.

Za a ce aikin mai bincike ya gano, aikin gwamnati ta aiwatar, kada a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Na yarda mai bincike ba shi ke sayen ambilans ba. Amma komawa ya gaya wa mutane abin da ya gano ba sayen ambilans ba ne. Yarjejeniyar Helsinki, wadda ake rantsuwa da ita a kowace takardar neman izini, ta ce a ba waɗanda aka yi bincike a kansu damar sanin sakamakon. Ba alfarma ba ce. Kuma akwai masu bincike a nan gida da ba su tsaya ga ganowa su yi shiru ba. LASDEL, da ke Yamai tun 2001, sun shiga ɗakunan haihuwa sun rubuta yadda ake karɓar mata, da tsawar, da ƴan kuɗaɗen da ba rasit. Bayan da aka ce tiyatar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, daga 2005 da 2006, su da abokan aikinsu suka nuna yadda gwamnati ke jinkirin biyan gidajen likita, har kantar magani ta bushe, kyauta ta koma takardar odonas da ake miƙa wa uwa ta tafi farmasi. Rahotanninsu da Faransanci suke, kyauta, majo na iya karantawa. Irin wannan aiki yana jawo wa mutum fushin manya, kuma ba ya hawar da lambar h kamar gwajin magani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda ma'aunin ya karkata.

Za a ce ba laifinsu ba ne, CAMES ce ke neman takardu kafin malami ya hau muƙami. Gaskiya ne. Daga Wagadugu ake auna malamanmu, kuma takarda ake ƙirgawa. Malamin da ya share wata guda yana zagaya ƙauyuka yana bayanin sakamako, a idon ma'aunin ya yi asarar wata guda. Amma su wa ke zama cikin kwamitocin? Aljanu? Malaman nan ne dai, namu da na maƙwabta. Dokar da mutane suka rubuta, mutane na iya ƙara mata layi.

Za a ce, ai an yi taron bayyana sakamako. I, an yi. A otal, a Yamai, ɗaki mai sanyi, da ruwan gora da perdiyam. Waɗanda suka halarta su ne waɗanda suka halarci na bara, za su halarci na baɗi. Babu wanda ya hau amalanke a cikinsu.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai cewa, to ko an koma, mi tsohuwar ƙauye za ta gane? Kai! Lokacin da ake son labarinta, ta iya gane tambaya sittin, ta iya tuna awa da zane da launin jini, ta iya fahimtar takardar yarda har ta dangwala. Sai wajen amsa ne kanta ya toshe? Wanda ya kasa bayyana wa uwa abin da ya kashe ɗiyarta da harshen da take ji, ni ina shakkar shi kansa ya gane. Hanyoyin kuwa ga su nan zube: rediyon karkara, ranar awon ciki, ƙofar mai gari, makarantar mazaje da aka fara a jihar Damagaram, saƙon murya da ke yawo waya zuwa waya har inda mota ba ta zuwa. Lokacin kamfen siyasa ba a taɓa rasa hanyar isa ƙauye ba.

Kuma rashin komawar nan yana da farashi, ba maganar kunya kaɗai ba ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a kan ko uwayen sun san gwaji ake yi. Da aka zo 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan inna, wannan labarin na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Jita-jita ba ta nuna takarda a iyaka. Abin da aka faɗa a kasuwar Jibiya da safe, da yamma yana Maraɗi. Kowane anket da ya zo ya ɗiba ya tafi bai waiwayo ba, yana ƙara wa mai jita-jita itace. Gobe in ma'aikaciyar rigakafi ta ƙwanƙwasa ƙofa aka ƙi buɗewa, sai a sake turo wani anket ya binciko dalilin da ya sa mutane ba su yarda ba. Takarda ta ƙaru.

Laifi tudu ne, bari in sauko kan namu. Mu ɗalibai ba tsarkaka ba ne cikin wannan. Duk wanda ya taɓa yin anket ya san abin da ake kira cikawa a gindin bishiya: rana ta yi zafi, gida na nesa, an ce sai ka kawo goma kafin magariba, sai ka zauna inuwa ka ƙirƙiro matar da ba ta wanzu ba, ka ba ta shekaru da ƴaƴa. Na ga an yi. Wannan ƙaryar tana shiga jadawali, ta shiga takarda, wani ya ambace ta a Jeneba, a tsara manufa a kanta. Mi ya sa yaro ke yin haka ba tare da zuciyarsa ta buga ba? Don ya riga ya gane babu mai komawa ƙauyen, babu ranar da za a karanta sakamakon gaban mutanen da za su ce, a'a, wannan ba mu ba ne. Aikin da ba za a mayar wa masu shi ba, ba a jin tsoron ɓata shi.

Sannan memwar ɗinmu. Daga Yamai zuwa Maraɗi, Damagaram, Tawa, kowace shekara ɗalibai nawa ke rubutu kan awon ciki, tamowa, yoyon fitsari, tazarar haihuwa? Mu je mu dami sazfam tana tsakiyar aiki ta buɗe mana rajista, mu tsare mata a layi da tambayoyi, mu yi sutnans, a ɗauki hoto da riga da fure, a ci kaji. Memwar ta hau kanta ta sha ƙura har gara ta same ta. Cikinmu wa ya taɓa komawa ya ba sazfam ɗin ko kofi ɗaya? Ƙaramin sebe muke ginawa da irin tubalin da muke zargin manya da shi. Bambancinmu da baƙon amfi, shi nasa ya yi tsawo.

Abin da nake nema ba shi da tsada. In za a karanta mana tarihin aikin wani, bayan an gama jera mujallu, a ƙara mana: a ƙauye kaza ya yi aiki, ya koma ranar kaza ya faɗi abin da ya gano, da harshe kaza, ga abin da ya canza a gidan likitan wurin, ko kuma babu abin da ya canza, ga dalili. Ko "babu" ɗin ma amsa ce, ta fi shiru. Kwamitin da ke ba da izinin bincike ya ƙi sa hannu sai ya ga kuɗin komawa cikin kasafi, yadda yake duba takardar yarda. Mu kuma, tun da ba mu da iko da CAMES ko Lancet, muna da iko da memwar ɗinmu: shafi ɗaya da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamajak, ko Barbarci, duk harshen da aka yi tambayar da shi, a kai shi inda aka ɗauko maganar, a karanta da baki. Wanda bai yi ba, kada mu je cin kajinsa.

A amfi ranar nan, da aka buɗe fagen tambayoyi, na ɗaga hannu har makirfo ya iso gare ni. Murya na rawa na ce: "Farfesa, ina cikin waɗanda suka yi anket na takarda kaza. Akwai wata tsohuwa da ta ce in mun gano mu koma mu gaya mata. An koma?" Wasu suka yi dariya, mai gabatarwa ya duba agogo. Shi kuwa, in ba shi haƙƙinsa, bai yi fushi ba, bai kuma yi mini dogon Turanci ba. Ya ɗan yi shiru, ya ce ba a sa wannan cikin kasafin porojen ba, kuma tambayar tana da kyau. Aka wuce ga mai tambaya na gaba, wanda ke son sanin yadda ake samun bursu zuwa waje.

Takardar tana hannuna yanzu. Ni da kamarad biyu, ɗaya ƴar sashen ungozomanci, mun mayar da sakamakon Hausa, ya tsaya a shafi ɗaya da rabi. Wurin da ya ba mu wuya shi ne yadda za a gaya wa uwa cewa doguwar naƙuda ce, kan yaron ya kasa wucewa, kuma da an isa ɗakin tiyata da wuri da wataƙila tana raye, ba tare da an ɗora wa mijin ko ungozoma ko ita kanta laifin da zai hana su barci ba. Mun yi gardama kwana biyu kan jimla ɗaya, har yanzu ba mu gama yarda da ita ba. Mun haɗa kuɗin mota, jika uku-uku. Ranar kasuwar garin za mu tafi, don ranar ce kaɗai mota ke shiga. Ban san sunan Inna ba, lamba aka ba gidanta cikin tabilet, tabilet kuwa na mayar. Amma na tuna akwai rijiya kusa, da bishiyar aduwa a ƙofar gidan.